Yadda Za Ka Farfaɗo da Himmarka Idan Matsin Rayuwa Ya Taɓa Sinadarin Dofamin

Mutumin da ya daɗe cikin matsi, ko na bashi, ko na jinyar ɗan'uwa, ko na rashin aikin yi, ko na zaman gidan da babu kwanciyar hankali, yakan kai wani matsayi da zai riƙa cewa jikinsa ya mutu. Ya san abin da ya kamata ya yi, kuma lafiyar hannu da ƙafarsa ƙalau, amma tashi ya fara aikin ya gagara. Abin da a da yake ɗokinsa, kamar zuwa kasuwa da sassafe ko karatu ko ziyarar abokai, yanzu sai ya ji nauyinsa tun kafin ya taka ƙofa. Mutanen gida sukan kira wannan lalaci, shi ma sai ya yarda da su, ya ƙara wa kansa nauyin zargi a kan nauyin da yake ɗauke da shi. Alhali a cikin abubuwan da ke haddasa wannan hali akwai sauyin da matsi ke jawowa ga aikin wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, kuma wanda ya fahimci yadda sauyin ke faruwa zai fi sanin inda ya kamata ya sa ƙarfinsa.

Fara da sanin ainihin aikin sinadarin

Dofamin ɗaya ne daga cikin sinadaran da ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Masanin ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ne ya tabbatar da hakan a ƙarshen shekarun 1950, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000. Ƙwayoyin da ke samar da shi ba su da yawa ko kaɗan: a cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar ɗan Adam, waɗanda ke tsakiyar ƙwaƙwalwa suna sarrafa dofamin ba su wuce kimanin rabin miliyan ba. Sai dai rassansu suna miƙewa zuwa wurare masu nisa. Wani reshe yana zuwa sashen da ke daidaita motsin jiki, kuma mutuwar ƙwayoyinsa ce ke kawo cutar karkarwa ta Parkinson. Wani yana zuwa can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ake auna ko abu ya cancanci a yi wahala dominsa. Na uku yana zuwa sashen da ke bayan goshi, wanda ke riƙe tunani da tsara aiki da hana mutum yin abin da zai yi nadama. Rassa biyun ƙarshe su ne suka shafi batunmu.

An daɗe ana yaɗa cewa dofamin sinadarin jin daɗi ne, kuma wannan fahimtar ce ta ɓatar da mutane da yawa. Kent Berridge na Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka lalata musu kusan dukkan dofamin ɗinsu, idan aka ɗiga musu ruwan sukari a baki, suna lasar leɓe kamar sauran ɓeraye, wato zaƙin yana yi musu daɗi, amma ba za su tashi su nemi abinci ba ko da yana gabansu, har sai an ba su a baki. John Salamone na Jami'ar Connecticut ya ƙara fito da maganar fili. Ya ba ɓera zaɓi tsakanin hanya biyu: a ɗaya akwai ƙwayar abinci huɗu amma sai ya haura shinge, a ɗaya kuwa ƙwaya biyu ce babu shinge. Lafiyayyen ɓera yana haura shingen. Wanda aka rage wa dofamin yana komawa ga ƙwaya biyun, amma da zarar an cire shingen sai ya koma ga huɗun. Ke nan bai manta inda mai yawan yake ba, bai kuma daina son sa ba, wahalar ce ta yi masa tsada.

Wolfram Schultz, wanda ya yi aiki da birai a ƙasar Suwizalan a shekarun 1990, ya gano wani ɓangare na daban. Ƙwayoyin dofamin suna zabura ne idan aka sami alheri fiye da yadda aka zata, suna yin shiru idan abin da aka sa rai bai zo ba, kuma bayan an saba, sukan zabura tun daga ganin alamar da ke nuna alherin yana tafe. Da wannan ne ƙwaƙwalwa ke koyon abin da ya cancanci a sake nema. Riƙe waɗannan abubuwa biyu, wato ƙarfin jure wahala domin samun abu da kuma koyo daga sakamako, domin duk matakan da ke tafe a kansu aka gina su.

Tantance irin matsin da kake ciki

Idan haɗari ko wata babbar buƙata ta taso, wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa yana aika saƙo, saƙon ya bi ta jini da ta jijiyoyi har ya isa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, hankali ya tattaru wuri guda. A daidai wannan lokaci dofamin ma yana tashi. Tun a shekarar 1976 Anne-Marie Thierry da abokan aikinta a birnin Faris suka nuna cewa matsi na ɗan lokaci yana zaburar da reshen dofamin da ke zuwa bayan goshi fiye da sauran rassan. A shekarar 2004 kuma Jens Pruessner da abokansa a Montreal ta ƙasar Kanada suka sa mutane yin lissafi cikin gaggawa ana kushe ƙoƙarinsu, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, suka ga dofamin ya fito sosai a wajen waɗanda suka ce ba su sami kyakkyawar kulawar uwa ba a yarinta. Wannan ya nuna cewa mutum biyu za su shiga matsi iri ɗaya, ƙwaƙwalwarsu ta amsa daban.

Wannan tashin na farko yana da amfani, domin shi ke sa ɗalibi ya zauna ga littafi ana gobe jarrabawa, ya sa direba ya kauce wa rami cikin ƙiftawar ido. Sai dai Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta nuna cewa sashen bayan goshi yana buƙatar dofamin ne gwargwado, kamar gishiri a miya, idan ya yi kaɗan lami, idan ya yi yawa ta ɓaci. Idan matsi ya tsananta har sinadarin ya yi ambaliya a wurin, tunani yana tsinkewa, mutum ya manta abin da ya haddace, ya faɗi maganar da ba zai faɗa ba da yana cikin hayyacinsa. Saboda haka ƙa'idar farko mai sauƙi ce: kada ka yanke hukunci mai nauyi, kamar saki ko ajiye aiki ko sayar da kadara, a lokacin da zuciyarka ke dukan uku-uku. Zauna idan a tsaye kake, ja numfashi a hankali ka riƙa tsawaita fitar da shi fiye da shigar da shi na 'yan mintoci, domin hakan yana rage gudun zuciya, sannan ka ɗaga maganar zuwa gobe.

Matsin da ya daɗe shi ne ke juya al'amarin. Paul Willner a Birtaniya ya ƙirƙiro wani gwaji a shekarun 1980 inda ake damun ɓeraye da ƙananan abubuwa marasa tsari na makonni, yau a jiƙa musu shimfiɗa, gobe a bar musu fitila a kunne duk dare, jibi a karkata kejinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai azaba, amma bayan makonni sai ɓerayen su rage shan ruwan sukari. Anthony Grace na Jami'ar Pittsburgh ya auna ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓeraye, ya tarar adadin ƙwayoyin dofamin da ke aiki ya ragu ƙwarai. A shekarar 2012 kuma masu bincike a Jami'ar Washington da ke Seattle suka ba da rahoton cewa wani sinadarin matsi da a ƙa'ida yake ƙara fitar dofamin ya daina yin hakan bayan ɓeraye sun sha matsananciyar wahala ta kwana biyu, kuma har bayan kwana 90 bai dawo ba. Mafi yawan waɗannan bayanai daga dabbobi aka samo su, kuma ɗan Adam ya fi ɓera sarƙaƙiya nesa ba kusa ba, amma hotunan ƙwaƙwalwar mutanen da suka daɗe cikin ƙuncin rayuwa, kamar waɗanda Michael Bloomfield da abokansa suka wallafa a Landan a shekarar 2019, sun nuna raguwar sarrafa dofamin da ta yi daidai da abin da aka gani a dabbobin.

Don haka ka tambayi kanka tambaya biyu. Shin matsin nan yana da ranar ƙarewa, kamar jarrabawa ko biki ko shari'a, ko kuwa ya zama yanayin zamanka? Sannan shin alamominka na zabura ne, wato rashin natsuwa da saurin fushi da bugun zuciya, ko na mutuwar jiki ne, wato rashin sha'awa da ɗage aiki da son kaɗaici? Mai alamomin farko yana buƙatar abin da zai kwantar da jikinsa. Mai na biyu, wanda shi ne wannan bayani ya fi shafa, hutu kaɗai ba ya warkar da shi, sau da yawa ma yawan kwanciya ƙara nutsar da shi yake yi.

Nemo ɓangaren da ke hannunka

A shekarar 1994 Simona Cabib da Stefano Puglisi-Allegra a birnin Rum suka yi wani gwaji da ya cancanci a tsaya a kansa. Ɓeraye biyu suna shan wahala iri ɗaya, a lokaci ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya, amma ɗaya yana da hanyar tsayar da wahalar, ɗayan kuwa babu abin da zai yi ya canza komai. Dofamin ya tashi a ƙwaƙwalwar mai ikon, ya faɗi a ƙwaƙwalwar marar ikon. Yawan wahalar bai bambanta ba, abin da ya bambanta shi ne ko motsin dabbar yana haifar da sakamako. Steven Maier na Jami'ar Colorado, wanda ya shafe shekaru da dama a kan wannan batu tun daga 1967, ya nuna cewa sashen bayan goshi ne ke gano akwai iko, kuma idan ya gano sai ya sassauta martanin sauran sassan.

Yadda za ka yi amfani da wannan shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ke damunka da sunansa, ba a dunƙule ba. "Rayuwa ta yi tsada" ba abu ne da za ka iya taɓawa ba, amma "kuɗin haya zai cika nan da wata uku kuma rabinsa nake da shi" magana ce mai hannu da ƙafa. A ƙarƙashin kowace matsala ka raba abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka. Farashin kaya a kasuwa ba ya hannunka, amma zuwa wajen mai gidan haya tun yanzu ka nemi ya karɓi kuɗin kashi biyu yana hannunka. Warkewar mahaifiyarka ba ta hannunka, amma tsara wanda zai kwana da ita a asibiti tsakaninka da 'yan'uwanka, domin kowa ya sami daren barci, yana hannunka. Abin da ba ya hannunka ka bar wa Allah, kuma mai imani yana da babban sauƙi a nan, matuƙar bai mayar da tawakkali hujjar barin ɓangaren da aka ɗora masa ba. Ko da abin da ya rage a hannunka ƙarami ne, yi shi, domin ƙwaƙwalwa tana bukatar ta sake ganin cewa motsinka yana canza wani abu.

Sa aiki a gaba, sha'awa ta biyo baya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi saɓa wa. Mai mutuwar jiki yakan ce zai fara idan ya ji ƙarfi, ko idan ransa ya yi daɗi. Amma idan ka tuna binciken Schultz, dofamin yana koyo ne daga sakamako, kuma babu sakamako sai an yi aiki. Wanda ya zauna jiran sha'awa yana hana ƙwaƙwalwarsa abin da za ta farfaɗo da shi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da wata hanyar magani da aka gina kacokan a kan wannan, wadda ake tsara wa majiyyaci ayyuka ya riƙa yi ko yana so ko ba ya so. A shekarar 2016 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani gwaji da David Richards na Jami'ar Exeter ya jagoranta a kan mutum 440 masu ciwon damuwa, aka tarar wannan hanya mai sauƙi, wadda ƙananan ma'aikatan lafiya suka gudanar, ta yi amfani daidai da hanyar da sai ƙwararrun masana halayya ke iya gudanarwa.

Ga yadda ake yi. Rubuta abubuwa biyar ko shida da a da kake yi suna ba ka gamsuwa ko suna da muhimmanci gare ka. Zaɓi biyu kawai. Sannan ka rage tsayin shingen, kamar yadda Salamone ya cire wa ɓerayensa nasu, har aikin ya zama ƙarami ƙwarai da za ka ji kunyar cewa ya gagare ka. Idan karatu ne, shafi ɗaya. Idan neman aiki ne, gyara sakin layi ɗaya na takardar nema. Idan ɗinki ne ko saƙa, zama a gaban keke na minti goma. Idan shago ne da ka daina buɗewa da wuri, buɗe shi a kan lokaci ko da za ka zauna shiru a ciki. Ɗaura kowane aiki a kan wani lokaci da ba ya motsi, misali bayan sallar asuba ko bayan la'asar ko da zarar yara sun tafi makaranta, domin kada ka bar wa zuciya damar yin shawara a kowace rana. Shawarar ce ke cinye ɗan ƙarfin da ya rage.

Kafin ka fara aikin, rubuta lamba daga 0 zuwa 10 da ke nuna yadda kake zaton zai yi maka daɗi, bayan ka gama kuma ka rubuta yadda ya kasance a zahiri. Wannan yana kama da wasan yara, amma yana da dalili mai ƙarfi. Ƙwaƙwalwar da matsi ya danne tana rage wa komai daraja tun kafin a yi shi, sai ta ce ziyarar aboki 2 ce, ka je ka dawo ka tarar 5 ce. Wannan tazarar tsakanin zato da zahiri ita ce ainihin abin da ƙwayoyin dofamin ke amsawa, kuma rubuta ta yana hana ka mantawa. Kada ka ƙara nauyin aikin sai ka yi mako guda kana cika ƙaramin. Ranar da ka kasa, kada ka ninka washegari don ramuwa, koma kan adadin da ka saba. Sannan kada ka sa ran ganin canji cikin kwana biyu ko uku, abin yakan ɗauki makonni, kuma sau da yawa mutanen gida ne ke fara lura kafin mai abin.

Gyara barci kafin ka nemi wani magani

Nora Volkow, shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, ta nuna a shekarar 2012 cewa rashin barcin dare ɗaya tak yana rage wuraren karɓar dofamin da ke aiki a ƙasan ƙwaƙwalwar mutane masu lafiya, kuma raguwar ta tafi tare da raguwar kuzarinsu. Baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Wanda ke tashi sallar asuba kuma ya zauna hira ko kallon waya har ƙarfe ɗaya na dare ba zai taɓa cika wannan ba, sai dai ya matso da lokacin kwanciyarsa, ya kuma ƙara da gajeren barcin rana na minti ashirin zuwa talatin. Tsayar da lokacin tashi guda, har a ranakun hutu, ka kuma fita cikin hasken safiya.

Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafin, wanda ke toshe saƙon gajiya a ƙwaƙwalwa. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya kawar da rabin abin da aka sha, don haka shayi mai kauri da aka sha a majalisa bayan isha'i yana nan yana aiki har tsakar dare. Mayar da su safe da hantsi.

Toshe hanyoyin da ke ba da dofamin a araha

Ƙwaƙwalwar da ke ganin kowace wahala ta yi tsada za ta karkata ga abin da ke ba da sakamako ba tare da wahala ba, kuma a nan ne haɗarin ya fi girma. Pier Vincenzo Piazza da Michel Le Moal a birnin Bordeaux na Faransa sun nuna cewa ɓerayen da aka matsa wa sun fi saurin kama shan ƙwayar amfetamin da kansu. A shekarar 1995 Yavin Shaham da Jane Stewart a Montreal suka nuna cewa ɓeran da ya daina neman hodar heroin yana komawa nemanta da zarar an sa shi cikin matsi na 'yan mintoci. A shekarar 2002 kuma masu bincike a Jami'ar Wake Forest suka haɗa birai a rukuni, suka tarar waɗanda suka zama shugabanni wuraren karɓar dofamin ɗinsu sun ƙaru, waɗanda ake dannewa kuwa sun fi shan hodar iblis idan aka ba su dama.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da yawa daga masu shan tiramadol ba don nishaɗi suka fara ba, sun fara ne domin su jure aikin ƙarfi ko su manta damuwa. Ƙwayar tana tilasta fitar dofamin fiye da abin da abinci ko nasara ko zumunci za su iya fitarwa, ƙwaƙwalwa kuma ta kare kanta ta hanyar rage amsawa, sai abubuwan yau da kullum su ƙara zama lami, mutum ya ƙara adadi. Wanda ya riga ya saba da tiramadol ko kodin ko maganin barci kada ya yanke shi dare ɗaya shi kaɗai, domin yankewar tana iya jawo matsananciyar rashin lafiya, wani lokaci har da farfaɗiya. A yi ta ƙarƙashin kulawar likita.

Caca da waya suna bin wata hanya ta daban. A shekarar 2003 Schultz da abokansa suka nuna cewa ƙwayoyin dofamin suna ƙara ɗaukar zafi yayin jira idan sakamakon ba shi da tabbas, kuma abin ya fi ƙarfi idan damar samu da rashi daidai suke. Cacar ƙwallo da zazzaga bidiyo a TikTok ko Facebook duk a kan rashin tabbas suke tafiya: wataƙila na gaba ne zai yi daɗi. Maganinsu shi ne ka juya dabarar shinge. Inda ka rage shingen aikin kirki, a nan ƙara shi za ka yi: goge manhajar caca, cire katin banki daga wayar, kashe sanarwa, ajiye wayar a wani ɗaki da dare. Akwai wata al'ada da ta yaɗu daga jihar Kalifoniya wajen shekarar 2019 da ake cewa azumin dofamin, har wasu suka kai ga ƙaurace wa magana da abinci mai daɗi da haɗa ido da mutane. Rage waya abu ne mai kyau, amma dofamin ba ya taruwa don an ƙi jin daɗi, kuma mai mutuwar jiki da ya ƙaurace wa jama'a ya ƙara wa kansa ciwo ne.

Motsa jiki, abinci da jama'a

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, irin wanda ke sa numfashi ya ɗan ƙaru, kuma tafiya da sauri ta minti talatin sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin. Idan za ka yi ta tare da wani, ka haɗa amfani biyu, domin wanda ke jiranka a bakin ƙofa ya fi ƙarfin niyyarka. Game da abinci, jiki yana ƙera dofamin ne daga wani sinadari da ke cikin abinci mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama da nono, kuma aikin yana buƙatar sinadarin ƙarfe, wanda ƙarancinsa ya yawaita a tsakanin mata masu ciki da masu shayarwa. Abinci na yau da kullum ya wadatar. Dofamin da aka haɗiya ba ya tsallakawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, gwajin jini kuma ba ya nuna adadin da ke cikinta, don haka duk mai tallar ƙwayar ƙara dofamin ko gwajin auna shi, kuɗinka yake nema.

Lokacin da ya wajaba ka ga likita

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu a jere, kusan kullum, har ya taɓa aikinka ko cin abincinka ko barcinka, wannan ya shiga ma'aunin da likitoci ke binciken ciwon damuwa da shi, kuma matakan da ke sama ba za su maye gurbin asibiti ba. Likita zai iya duba ƙarancin jini da ciwon sukari da matsalar maƙoƙo, domin dukkansu suna kawo kasala mai kama da wannan. Kai masa duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya, saboda wasu magunguna, kamar metokulofiramid da ake bayarwa don amai, suna toshe aikin dofamin, wasu magungunan cutar Parkinson kuma suna iya jefa mutum cikin caca ko kashe kuɗi ba kai ba gindi.

Akwai alamomin da ba a jira mako biyu a kansu. Idan mutum ya fara tunanin kashe kansa, ko yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya tabbata ana bin sa ana shirya masa makirci ba tare da hujja ba, ko ya kwana da yawa babu barci amma yana ji da ƙarfi yana surutu ba tsayawa, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a isa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, ɗaure majiyyaci da mari kuwa cutarwa ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda yake nesa da waɗannan ya fara da babban asibitin da ke kusa da shi ya nemi a tura shi gaba. Idan an ɗora ka a kan maganin damuwa, ka sani yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin amfaninsa ya bayyana, kuma ba a dakatar da shi don an ji sauƙi sai da izinin likitan da ya rubuta shi.